Ƙahona Ba Ya Saukar Da Tansiyo, Na Sani Na Yi Shiru

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da ku masu karatu. Rubutun nan ya ba ni wahala. Tun hantsi nake danna waya da yatsa ɗaya, in rubuta in goge, don aji huɗu kawai na yi a lakwal, wato makarantar boko, aka cire ni aka rataya mini zabira. Ku ɓoye sunana da sunan garinmu. Sunayen da za ku gani a ciki ma ba na gaskiya ba ne. Kuma don Allah kada ku yi saurin zagina. Ba wai ban cancanci zagin ba ne, sai dai zagi ba zai tayar da mutumin da ke kwance ba. Mai shawara ya ba ni, wanda ba shi da ita ya wuce abinsa.

Ni wanzami ne, ɗan wanzami, a wani gari cikin ƙasar Gangara, nan Damargu. Shekaruna hamsin da biyu ko da uku. Zamanin babana ba a suna sai da shi, ba a kaciya sai da shi, in ya shigo gida mata tashi suke su ba shi tabarma. Ni kuwa sana'ar a hannuna ta mutu ina kallonta. Samari sun koma wurin masu aski da inji, kaciya an mai da ita gidan likita, belun jariri an ce in ka taɓa za a kira maka jandarma. Abin da ya rage mini tsofaffi masu son aska a kai ranar Juma'a, sai ƙaho in zafi ya shigo. Sai in yini a rumfata ta bakin kasuwa ina wasa aska, ba wanda zan aske. Wanda bai taɓa zama da sana'ar gado ta mutu a gabansa ba, ba zai gane abin da nake faɗi ba.

Shekara uku da suka wuce wani ɗan garinmu ya dawo daga Aljeriya ya kawo mini tsaraba, aparai na awon tansiyo, wato hawan jini, irin wanda ake ɗaurawa a damtse a danna, ya kumbura ya matse hannu, sannan lamba biyu su fito, ta sama da ta ƙasa. Ya ce a gidan da ya yi aiki aka ba shi, bai san abin da zai yi da shi ba, ni ne mai harka da jini. Lamba dai ina karantawa. In ya nuna ɗari da sittin a sama, ɗari a ƙasa, sai mu ce sha shida da goma, yadda ake faɗi a likita. To a nan wurinmu in an ce wa mutum jininsa ya hau, me zai fahimta? Abin da ya yi yawa ai ragewa ake yi, kuma wa ke rage jini in ba wanzami ba? Wata ranar kasuwa wani makiyayi daga wajen Tenhya ya koro awakinsa, ya zo rumfata yana gumi yana cewa ƙeyarsa na sara. Na auna shi, sha bakwai. Na kafa masa ƙaho huɗu, biyu a ƙeya biyu a baya, na tsaga, na zuƙa, baƙin jini ya fito. Muka yi kusan awa guda. Na sake aunawa, sha huɗu. Mutanen da ke tsaye suka yi ta leƙen aparai ɗin kamar an ga wata. Kafin kasuwa ta sake zagayowa labari ya kai har bakin rijiyoyi, rumfata ta cika, Buzaye da Fulani da ƴan gari, har ana ce mini dokta. Kuma wallahi a lokacin ni ma na yarda da abin, na ɗauka Allah ne ya dubi gidanmu.

Majon garinmu, wato babban ma'aikacin gidan likita, yana zuwa wurina gyaran gemu, don shi ya fi son aska. Wata Alhamis ya ga aparai ɗin rataye a jikin rumfa, ya ce in nuna masa yadda nake aiki da shi. Na nuna masa da alfahari. Bai yi dariya ba. Ina gyara masa gemu yana yi mini bayani a hankali, kada na kusa su ji. Ya ce mutumin da ya taho da ƙafa cikin rana, ko ya sha shayi mai ƙarfi, ko ya ci goro ko taba, ko fitsari ya matse shi, ko yana cikin surutu, lambarsa za ta hau ko da lafiyarsa lau. Ya ce awo na gaskiya sai mutum ya zauna ya jingina bayansa, ƙafafu a ƙasa, an tuɓe hannun riga, an ɗora hannun daidai ƙirji, ya yi shiru ko da minti biyar, a auna, a jira kaɗan a sake. Ya ce su kansu ba sa ce wa mutum yana da ciwon don awo ɗaya, sai ya dawo ranaku daban-daban lambar ta ƙi sauka ƙasa da sha huɗu da tara. Ya ce jinin ba yawa ya yi ba, ƙarfin turinsa ne a jikin jijiya, kamar ruwan famfo cikin tiyon da aka matse, ko ka ɗebi kofi guda matsin yana nan. Kuma ciwon ba ya sallama, mutum na cikin dariyarsa da cinikinsa yake cin sa.

Da na goge masa fuska ya dube ni ya ce, "Wanzam, inuwar rumfarka ce ke saukar da lambar nan, ba ƙahonka ba. Ka yi wa mai so ƙahonsa, ban hana ka ba. Amma kada ka bari wani ya ajiye maganinsa saboda kai."

Na ce masa babana ya kafa ƙaho tun ba a haifi wanda ya koya masa karatu ba. Ya sa hularsa ya tafi.

Amma maganar ta tsaya mini a rai. Wata safiya na yi tafiya da sauri har rijiyar bayan gari na dawo, na shiga ɗaki na ɗaura wa kaina, sha shida da tara. Na zauna na jingina da bango, na sha ruwa, na yi shiru, na sake, sha uku da takwas. Ba aska, ba ƙaho, ba ɗigon jini. Kwana uku ina maimaitawa, ko zai ba ni wata amsa, bai ba ni ba. To daga ranar nan ba zan ce ban sani ba. Ga inda kunyar take: ban daina ba, gyara abin ma na yi. Mutum na isowa, tun bai aje sandarsa ba sai in miƙa masa shayi, in ja shi da hira in tambaye shi kuɗin raƙuma da labarin ciyawa, in ɗaura masa aparai yana magana, lamba ta tashi. Bayan ƙaho kuwa sai in ce kowa ya yi shiru, maganin ba ya son surutu, in jinginar da shi in tallafe hannunsa yadda majo ya koya mini. Ilimin da bawan Allah ya ba ni don in daina, da shi na ƙara gyara tarkona. Me na ce wa kaina? Na ce ai ƙaho sunna ce, ba ya kashe kowa, na ce mutane suna tafiya da farin ciki, na ce shekara nawa ina zaune ba mai gaishe ni, yanzu da aka fara zan tashi in ce ƙarya ne?

Sai Idi. Idi taubashina ne, ɗan gwaggona, tare muka tashi, tun muna yara muke gardamar wane ne bawan wani har gemunmu ya yi fari ba mu gama ba. Dillalin dabbobi ne, ƙato mai murya, daga kasuwar Tanut zuwa ta Belbeji ba wanda bai san shi ba. Shi nasa ciwon na gaskiya ne, sau uku aka auna shi a Tanut a ranaku daban kafin a rubuta masa a karne, wato ɗan littafin likita, aka ɗora shi kan ƙwaya kullum da safe. Ya shekara yana sha yana mita. Da farko dariya yake yi wa aparai ɗina, yana cewa an ba biri madubi. Amma wata rana ya taso daga kasuwar shanu da rana tsaka, ya faɗo rumfata yana haki.

Ya ce, "Kai bawa, tashi ka zuƙe mini wannan jinin banza. Na gaji da ƙwayar da ta mai da ni bunsuru, kowane gindin itace sai na tsaya fitsari ana tsakiyar ciniki."

Na ce bawa ba ya aiken ubangijinsa, ya tuɓe riga ya zauna. Na auna shi yana zagina, sha tara da sha ɗaya. Na yi masa ƙaho shida, na sa shi ya yi shiru, wanda shi ne aiki mafi wuya a jikin Idi. Na sake aunawa, sha shida da goma. Ya karɓi aparai ɗin ya juya shi ya duba da kansa, ya ce ashe wannan bawan yana da amfani, uku cur a zama ɗaya, abin da ƙwaya ba ta yi ba a shekara. Ni kuwa na san sha shida da goma bayan hutun awa guda ba lafiya ba ce, na san wannan ita ce lambarsa ta gaskiya, kuma ta yi yawa. Yana sa riga ya tambaye ni, wannan karon ba da wasa ba.

"To, in bar ƙwayar nan?"

Akwai mutum biyar a rumfar suna jiran amsata. Na ce, "Ga lamba ka gani da idonka. Jikinka ne."

Ban ce ya bari ba. Wata bakwai ina riƙe da wannan kamar hujja, ban ce ya bari ba. Amma wa nake yaudara? Mutum ya tambayi ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya san amsa, ya kauce. Ya bar ƙwayar. Duk mako biyu sai ya zo in yi masa ƙaho, kuma Idi ba ya yin abu a ɓoye, duk kasuwar da ya shiga sai ya yi mini talla. Lambar da ke fitowa bayan ƙaho ba ta taɓa sauka ƙasa da sha shida ba. Akwai ranar da ta nuna sha takwas bayan ƙahon, na kife fuskar aparai ɗin a cinyata na ce pil, wato batir, ya yi sanyi, ya ce to me ake jira daga kayan bawa. Muka yi dariya. Sau nawa na shirya zan gaya masa? Sau nawa na raka shi har bakin hanya maganar na bakina, sai ya tsokane ni, in rama, ya hau moto, babur ɗinsa, ya tafi?

A kasuwar Belbeji ya faɗi, da rana, yana riƙe da igiyar wani bijimi yana tsakiyar ciniki. Waɗanda ke wurin suka ce igiyar ce ta fara zamewa daga hannunsa, ya duba hannun kamar ba nasa ba, sannan ya zube. Aka kai shi Tanut, daga can aka wuce da shi Damagaram. Ya dawo bayan mako uku, hannun dama da ƙafar dama sun shanye, baki ya karkace. Mutumin da muryarsa ke tsallake kasuwa, yanzu kalma ɗaya ta rage masa, "to". Ka ce masa ina kwana, ya ce to. Ka ce za ka sha fura, ya ce to. Ko ya san ni na yi masa wannan, ko bai sani ba, ba yadda zan gane, ido dai yake bi na da shi.

Ga abin da ya ƙara ɗaure ni. Kwana biyu kafin ya faɗi, kansa ya yi ta ciwo, sai ya lalubo tsohuwar ƙwayarsa ya haɗiye guda. To matarsa Zainabu da ƴan'uwansa a nan suka tsaya. Suka ce wata bakwai yana kan ƙaho lafiyarsa lau, ya taɓa maganin Nasara ya faɗi. Da majo ya zo duba shi a gida, ya buɗe karne ya tambayi wa ya ce masa ya daina shan magani. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ya ɗaga kai ya dube ni, ni na dubi ƙasa. Zainabu ta ce kada a sa sunan wanzam a cikin wannan magana, shi kaɗai ne ke saukar masa da jinin, kowa ya gani a lamba. Majo ya rufe karnen. Ya ba su sabuwar ƙwaya, ya ce kullum da safe ba fashi, in ta kusa ƙarewa a kai shi a amalanke a sake auna shi kafin a ba da wata, ya kuma ce in abin ya sake bugunsa da wuya ya tashi. Tun daga ranar majo bai ƙara kawo mini gemunsa ba, in muka haɗu a masallaci gaisuwa kawai.

Jiya Juma'a bayan la'asar na je gaishe shi. Zainabu ta kira ni gefe wajen turke, ta fito da ledar maganin daga ƙarƙashin mayafinta ta danƙa mini. Ta ce kwana biyar ke nan ba su ba shi ba, sun yi shawara da ƙannensa, ba za su ƙarasa shi da hannunsu ba. Ta ce in jefa a masai, in dawo da ƙahona da aparai ɗina. Sannan ta ce, "Baban Hajara, kai ne namu. In ba kai ba, wa muke da shi?"

Hajara ƴata ce, tana gidan, babban ɗan Idi take aure, ita ke wanke masa jiki tana juya shi. Na karɓi ledar na sa a aljihu. Kafin in fita na ɗaura masa aparai, yana kwance tun safe, ba tafiya, ba shayi, ba surutu. Sha takwas da sha ɗaya. Zainabu ta tambaye ni nawa, na ce da sauƙi.

To ku duba mini. In na tara su na faɗi gaskiya, na ce na san ƙaho ba ya saukar da kome tun kafin Idi ya zauna a rumfata, me zai biyo baya? Ƙannensa ba masu wasa ba ne, zumuncin da iyayenmu suka bari zai tsinke, ƴata za ta zauna a gidan a matsayin ƴar wanda ya kwantar da maigida, in ma an bar ta ta zauna. Garin nan ƙarami ne, ba inda zan sa kaina. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, ƙila ma ba za su yarda ba, su ce majo ne ya tsorata ni da jandarma, su kai shi wurin wani wanzamin a Falanko, ƙwayar kuma ta tafi ke nan. In na yi shiru, ina kallo abin zai sake bugunsa. Na ƙirga abin da ke cikin ledar, na kwana goma sha biyu ne, kuma majo ba zai ba da wata ba sai an kai masa mutumin ya auna. Wa zai kai shi, tunda a wurinsu an jefa ta masai?

Da gari ya waye yau, ban je masai ba, ban kuma je wurin majo ba. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na murƙushe ta a bayan cokali, na gauraya da ɗan garin kuka don launinta ya ɓace, na ƙulle a tsumma irin yadda babana ke ƙulle magani. Ban ma sani ba ko murƙushewar tana ɓata ta, ba wanda zan tambaya. Na tafi gidan ba tare da ƙaho ba, na ce jikinsa bai yi ƙarfin tsaga ba tukuna, amma ga wani sirri na gidanmu da ba a ba kowa, kullum da safe ni zan riƙa kawowa da kaina. Zainabu ta kawo kunu, na zuba, Hajara ta tallafo kansa. Na ce masa, bawa, buɗe baki. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce to, ya sha. Zainabu ta yi ta yi wa babana addu'a tana cewa Allah ya ji ƙan mai gado, ni na ce amin na fito.

Saura goma sha ɗaya a aljihuna. Jama'a, me zan yi?